Yadda Uwa Ɗaya Take Haifar Ƙwayoyin Jijiya Iri-Iri

Wannan lacca za ta duba tambaya ɗaya tak. A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, siffarsu da aikinsu sun sha bamban, alhali kuwa dukkansu daga iyayen ƙwayoyi iri ɗaya suka fito, waɗanda ke shimfiɗe a bangon kogon ƙwaƙwalwar tayi. To, me ke gaya wa uwar ƙwaya irin ɗan da za ta haifa?

Babban sashen amsar shi ne lokaci. Ɓawon ƙwaƙwalwa hawa shida ne. A shekarar 1961 Angevine da Sidman suka nuna, da gwaji kan ɓeraye, cewa daga ciki ake gina shi zuwa waje. 'Ya'yan fari su ke zama a hawan ƙasa, kuma daga cikinsu ne wasu ke miƙa zarensu har laka. Na baya kuwa sai su ratsa yayyensu su haye bisa, inda aikinsu shi ne sada sassan ɓawon da juna.

A shekarun 1991 da 1996 Susan McConnell da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada dasa waɗannan iyaye a ƙwaƙwalwar feret, wata dabba mai kama da tunku. Da aka ɗauki uwa mai ƙuruciya aka dasa a ƙwaƙwalwar da ta girme ta, sai ta bi halin wurin, ta haifi 'yan hawan sama. Amma tsohuwar uwa da aka mayar cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta kasa komawa baya, 'yan hawan sama kaɗai ta haifa. Lalle icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan al'amari bai tsaya a ɗakin gwaji ba. A shekarar 2015 cutar Zika ta ɓarke a Birazil, aka yi ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna. Bincike ya nuna cewa ƙwayar cutar takan kama iyayen nan ne ta halaka su. Idan uwa ta mutu da wuri, duk 'ya'yan da za ta haifa daga baya sun tafi tare da ita, kuma babu mai mayar da su bayan haihuwa. Saboda haka kula da lafiyar mai juna biyu tun watannin farko kula ce da ƙwaƙwalwar ɗanta.