Ilmin Zaman Jama'a: Mene Ne Shi, Ina Kuma Amfaninsa?

(Wannan lacca ce da Akawun Jam'iyya ya yi a taron iyayen yara da malamai na unguwarsu. Mun buga ta yadda ya faɗe ta.)

 An umurce ni in yi magana a kan darasin nan da yaranmu ke kira soshiyal, watau ilmin zaman jama'a. Ni ba malamin makaranta ba ne, akawu ne, aikina riƙon rajista da rubuta wa mutane takardu. Amma a bakin teburina na sha ganin abin da rashin wannan ilmi ke jawo wa talaka, shi ya sa ban yi gardama ba da aka aiko mini.

Bari in fara da wani abu da na gani da idona. Wata tsohuwa ta zo ofishinmu tana kuka, an kama ɗanta an tsare shi kwana huɗu, ba a gaya masa laifinsa ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. Kafin ta zo ta riga ta sayar da awakinta biyu, ta ba wani ɗan tsakani da ya ce ya san manya. Tare da ita akwai jikanyarta, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Na tambayi yarinyar ko an koya musu Tsarin Mulki. Nan take ta karanto mini ma'anarsa da Turanci, ba tuntuɓe. Na ce, to me ya ce game da kawunki? Sai ta yi shiru tana kallona. Ba ta taɓa zaton abin da ta haddace yana da alaƙa da gidansu ba.

Alhali kuwa sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama, tilas a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, sai fa in laifin da ake zarginsa da shi mai hukuncin kisa ne. Da yarinyar nan ta san haka, watakila da awakin kakarta suna nan ɗaure a turke. Rashin sani ya fi dare duhu.

To, mene ne ilmin zaman jama'a? Shi ne darasin da ke koya wa yaro yadda mutane ke zaune da juna da kuma ƙasar da suke ci daga gare ta, da yadda ake mulkinsu, da inda shi kansa ya tsaya a ciki. An ɗebo shi daga tarihi, da labarin ƙasa, da tattalin arziki, da sha'anin mulki, da al'adun mutane, aka zuba a ƙwarya ɗaya, domin a rayuwa ma ba a rarrabe suke zuwa mana ba.

Ku ɗauki kwandon tumatir ɗaya na Kadawa. Ruwan da ya shayar da shi daga madatsar Tiga yake, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako: ga labarin ƙasa, ga tarihi. In kaka ta yi tumatir ya cika kasuwa, farashi ya faɗi har manomi ya rasa kuɗin taki: ga tattalin arziki. Hanyar da mota za ta bi da shi zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, wa ke da alhakin gyara ta, wa kuma ke karɓar kuɗi a kanta? Ga sha'anin mulki. A can Bahaushe ya sayar wa Bayarabiya, ta yi miya a gidan da ba a jin Hausa: ga zaman tare. Sa'an nan ruwan da aka tare a Tiga ya rage ambaliyar da masunta da makiyaya na fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita, watau ribar wani ta zama asarar wani. Yaron da aka bi da shi ta wannan hanya ya fara sanin duniya, ko da bai taɓa barin ƙauyensu ba.

Wannan darasi ba daga sama ya faɗo ba. A Amurka aka fara tsara shi, wani kwamitin malamai ya fitar da rahoto a kansa a 1916. A nan kuwa, makarantun zamanin Turawa sun fi koya wa kakanninmu sarakunan Ingila da kogunanta. Bayan samun mulkin kai, makarantar Aiyetoro da aka buɗe a 1963 a Jihar Yamma ta gwada shi, ta kuma rubuta littattafansa. A 1968 masana ilmi na ƙasashen Afirka suka taru a Mombasa ta Kenya, suka amince a yaɗa shi. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron tsara manhaja a Ikko, sa'an nan Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa shi cikin darussan tilas. Ku lura da waɗannan shekaru. Mutanen da suka ga ƙasa ta kusa tsagewa tsakanin 1967 da 1970, su ne suka ce lalle a koya wa yara sanin juna tun suna ƙanana.

Amfaninsa na farko, yana nuna wa mutum ƙofar da zai buga. Nijeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kowane mataki da aikinsa. Kasuwa, da tashar mota, da kwashe shara, aikin ƙaramar hukuma ne, tana kuma da hannu a makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi. Sau nawa aka zo mini a ce in rubuta wa sanata takarda a kan kwatar da ta toshe, ga kansila a bayan gida ba wanda ya tambaye shi? Tun 2011 akwai dokar da ta ba kowa ikon neman bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 7. Mutum nawa a cikinmu suka taɓa jin labarinta?

Na biyu, yana koya wa yaro cewa abin da yake da shi yau wahala aka sha kafin a same shi. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba, sai a 1976 aka ba su dama. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan fafutuka. Yarinyar da ta san haka za ta yi nauyin bayar da ƙuri'arta a kan sabulu da taliya.

Na uku, yana gaya wa yaro abin da ake binsa. Mai neman a gyara masa hanya sai ya biya haraji, ya bi layi, ya bar zuba shara a kwata, ya kuma san maƙwabcinsa mai wani yare ko wani addini ɗan ƙasa ne daidai da shi.

Na san abin da waɗansu iyaye ke cewa: soshiyal ba ya ba da aiki, gara lissafi da kimiyya. Ba na raina lissafi, da shi nake cin abinci. Amma likita da injiniya su ma ana mulkinsu, suna biyan haraji, ana iya kama su. Waɗansu kuma suna tsoron yara su zama fitsararru, su riƙa yi wa manya tambaya. Dattawa, ku gafarce ni, yaron da ya tambayi ina kuɗin rijiya ya shiga, cikin ladabi, bai zagi kowa ba. Wanda ya ci kuɗin shi kaɗai tambayar ke ƙona wa rai.

Gaskiya ɗaya ce, darasin yana da ciwo, ciwon kuwa hadda ce. A makarantar mishan da na yi, mun sami wani malami da ya fitar da mu kasuwa da takarda da fensir, ya ce kowa ya tambayi mai kaya ɗaya daga ina kayansa suka fito, nawa yake biyan kuɗin rumfa, wa ke karɓa. Abin da na koya ran nan har yau yana tare da ni. Wanda ya gaje shi kuwa allo yake cikawa mu kwafe, ranar jarrabawa mu amayar, yanzu ko layi ɗaya ba na tunawa. Hukuma ita ma ta yi nata kuskuren: an cire tarihi daga ƙananan makarantu fiye da shekara goma, sai a 2022 aka yi bikin maido shi.

Saboda haka ina roƙon malamai, ku fara daga bakin ƙofar yaro: unguwarsu, rijiyarsu, mai unguwa, kansila, sa'an nan jiha, sa'an nan ƙasa. In Turanci ya tsaya masa a wuya, ku warware masa da Hausa. Shugabannin makaranta kuma ku daina ba da wannan darasi ga duk malamin da ya rage ba aiki. Ku iyaye, in yaro ya dawo, ku tambaye shi sunan kansilanku da aikinsa. In bai sani ba, ku ma ba ku sani ba, ku tafi tare ku tambayo, matambayi ba ya ɓata.

Ita yarinyar da na ba ku labari, na kwafe mata sashen nan na 35 da Hausa a takarda, na ce ta karanta wa kakarta in sun koma gida. Malamai, wannan aikinku ne na yi muku ran nan, ina fata nan gaba ku riga ni.

 Allah ya raya mana yaranmu.