Idan Laka Ta Samu Rauni: Yadda Za Mu Ɗauki Mutum da Yadda Za Mu Zauna da Shi

Jawabin ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira a taron bulamomi da shugabannin mata, kamar yadda tafinta ya gabatar da shi da Hausa. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabta.



Mu ba likitoci ba ne. Aikinmu shiga gida-gida da sauraron koken jama'a. A wannan yawon ne muke tarar da mutanen da ba sa fitowa layin rabon abinci, ba sa zuwa taro irin wannan, suna kwance a ƙuryar ɗaki saboda ƙafafunsu sun daina motsi. Abin da za mu faɗa yau mun zauna da ma'aikatan asibiti mun bi shi ɗaya bayan ɗaya kafin mu kawo muku.

Za mu fara da labarin wani saurayi, da izinin iyalinsa, ba tare da suna ba. Ya hau bishiya zai saro wa awaki ganye, reshe ya karye da shi. Da abokansa suka iso, ya ce musu bayansa na ciwo, ƙafafunsa sun yi nauyi, amma yana iya motsa yatsunsu. Don ƙauna da gaggawa suka zaunar da shi a kan babur tsakanin mutum biyu, suka bi hanyar nan mai duwatsu da kuka sani. Ko da suka isa asibiti, yatsun sun daina motsi. Ba mu ga laifin yaran nan ba, domin babu wanda ya taɓa koya musu. Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance da an ɗauke shi ta wata hanya. Amma ma'aikatan lafiya sun gaya mana cewa irin wannan ɗauka tana iya mai da ƙaramin rauni babba.

Mece ce laka?

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora kan juna daga ƙeya zuwa mazaunai: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran suna haɗe a can ƙasa. A tsakiyarsu akwai rami, a cikin ramin laka take. Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin bayan akuya ya ga wannan farin abu mai laushi. Ta ɗan Adam kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba. Ta cikinta saƙo yake sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara da hanji, ta cikinta kuma labarin zafi da sanyi da taɓawa yake hawa sama.

Idan ƙashi ya karye ko ya goce ya danne ta, saƙo ba ya wuce wurin. Rauni a ƙugu ko tsakiyar baya yakan shanye ƙafafu. Rauni a wuya yakan haɗa da hannuwa, wani lokaci har da numfashi. Abubuwan da suka fi kawo shi a wajenmu kun san su: faɗowa daga bishiya ko saman mota, hatsarin babur, rushewar katanga da damina, faɗawa rijiya, zamewa da kaya mai nauyi a ka, da harsashi, wanda wasunmu suka taho da shi a jiki tun daga gida.

Akwai kuma wanda babu faɗuwa. Mutum ya yi watanni da ciwon baya, yana ramewa, yana zufa da dare, wani ƙashi ya ɗan turo a bayansa kamar ƙusumbi, ƙafafu suna raunana a hankali. Wannan yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. Yana da magani, kuma da yawa sukan koma tafiya idan an fara shi da wuri. Kada a ce sammu ne a zauna a gida.

Sa'ar farko

Idan mutum ya faɗi ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ƙafafunsa sun mutu, ko yana jin kamar tururuwa na bin su, ko kuma ya suma, ku ɗauka lakarsa tana cikin haɗari. Kada a zaunar da shi, kada a tsayar da shi a ga ko zai iya takawa, kada a ja shi ta hannu da ƙafa, kada a ɗora shi kan babur. Kada a ba shi ruwa ko abinci. A tura yaro da gudu ya kira ma'aikatan asibiti.

Idan dole a ɗauke shi, a ciro ƙyauren ƙofa ko a samo faffaɗan katako. A samu mutum huɗu ko biyar. Ɗaya ya durƙusa ta wajen kai ya riƙe kan da hannu biyu, shi ne kuma mai ba da umarni. Sauran su juya jikin gaba ɗaya a lokaci guda kamar gungume, kai da wuya da baya a miƙe, a tura katakon a ƙarƙashinsa. A naɗe zane a tokare kan dama da hagu, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu da ƙafafu a jikin katakon. In amai ya zo, a karkata katakon duka gefe guda.

Masu ɗori iyayenmu ne, muna girmama su. Amma karayar baya daban take da ta hannu. Ja da matsa da takawa suna iya ƙarasa lakar da ta rage. Muna roƙonsu, idan an kawo musu irin wannan, su ce a wuce asibiti.

Zai tashi?

Ita ce tambayar da kowace uwa take yi mana, kuma ba za mu yi muku ƙarya ba. Idan laka ba ta lalace gaba ɗaya ba, wani motsi ko ji yakan dawo, galibi cikin wata 6 na farko, wani lokaci har zuwa shekara ɗaya ko biyu. Idan ta lalace gaba ɗaya a wurin, har yau babu allura ko tiyata ko sassaƙe da ke haɗa ta. Duk wanda ya ce ku sayar da rabon abincinku ku biya shi zai tayar da ɗanku, ku zo ku faɗa mana. Haka kuma idan kun ga ƙafar tana zabura ko tana karkarwa da kanta, wannan abu ne da aka saba gani a wannan ciwo, ba lallai alamar warkewa ba ce.

Ga abin da muke so kowa ya tafi da shi gida. Sau da yawa ba raunin lakar ne ke kashe mutum ba, abin da ke biyo baya ne: gyambo, ciwon fitsari, da watsarwar dangi. Waɗannan kuwa yawancinsu a hannunku suke.

Fata

Mai lafiya ko cikin barci yana juyawa, domin jiki yana gaya masa ya gaji. Shi wannan jikinsa ba ya gaya masa. Inda ƙashi ya danne fata a kan tabarma, jini yakan tsaya, naman ya mutu daga ciki, sai gyambo ya buɗe. A juya shi duk bayan awa 2, dare da rana: dama, baya, hagu. A raba aikin tsakanin mutanen gida don kada ya kashe mutum ɗaya. A sa matashi ko tsumma mai laushi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga diddige kada ya taɓa shimfiɗa. Shimfiɗa ta zama busasshiya, babu yashi, babu ƙulli. In yana kan keken guragu, ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe duk bayan minti 15 zuwa 30.

Safe da yamma a duba ƙasan baya, mazaunai, gefen ƙugu, idon sawu, diddige da allon kafaɗa. A baƙar fatarmu ba kullum ake ganin ja ba. Ku nemi wurin da ya fi sauran duhu, ko yake ƙyalli, ko ya yi tauri, ko ya fi zafi. In kun gani, kada ya sake kwanciya a kan wurin, kada a murza shi, a kira ma'aikacin lafiya. Kada a zuba toka, ƙasa ko man juye. Ku kula da wuta lokacin hunturu, da ruwan zafi, da ƙarfen keke da ya sha rana, da ɓera da dare: ƙafar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Fitsari da bayan gida

Ku yi haƙuri, iyayenmu, a nan kunya tana iya cin rai. Mafitsarar da ba ta zubar da fitsari duka tana tara ƙwayoyin cuta, su hau zuwa ƙoda. Wasu ana bar musu robar fitsari, wasu ana koya musu sa ta da cire ta duk bayan awa 4 zuwa 6. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ta. Jakar fitsari ta kasance ƙasa da ƙugu, robar kada ta lanƙwashe. Mun ga gidajen da ake rage wa majinyaci ruwa don kada ya jiƙa shimfiɗa. Wannan yana ƙara ciwon. A tambayi ma'aikacin lafiya yawan ruwan da ya dace da shi, a ba shi. Zazzaɓi, ko fitsari mai wari, mai kauri ko mai jini, a tafi asibiti ranar.

Hanji kuwa yana koyon lokaci. A zaɓi lokaci guda kullum ko bayan kwana ɗaya, bayan an ci abinci, a zaunar da shi in zai yiwu. Miyar kuka, kuɓewa, zogale da wake suna taimakawa. Sannan kullum a riƙa lanƙwasa kowace gaɓa ana miƙe ta a hankali, ba da ƙarfi ba, kamar yadda masu gashin ƙashi za su nuna muku, don kada ta sandare.

Alama guda ta gaggawa

Wanda rauninsa yake a wuya ko saman baya, idan ciwon kai mai sara ya taso masa farat ɗaya, da zufa a fuska, hanci ya toshe, to jininsa ne ya hau, kuma yana iya kisa. A nan ba a kwantar da shi. A zaunar da shi a sauke ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a duba ko roba ta toshe ko mafitsara ta cika, domin yawanci daga nan ne. In bai lafa nan take ba, a kira asibiti. Irin waɗannan mutane kuma jikinsu ba ya yin zufa yadda ya kamata, don haka a watan Maris da Afrilu a ajiye su a inuwa, ana shafa musu jiƙaƙƙen tsumma.

Mutum ne har yanzu

Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Maigida yana nan maigida, a yi shawara da shi, a daina magana a kansa kamar ba ya wurin. A fito da shi ƙofar gida, a kai shi majalisa, masallaci ko coci. Malamanmu sun koyar da cewa wanda ba ya iya tsayuwa yana salla a zaune ko a kwance. Mace mai wannan rauni tana iya ɗaukar ciki ta haihu, sai dai ta yi awo ta haihu a asibiti. Mai ɗinki, mai gyaran waya, mai saƙar hula, mai koyar da yara, duk a zaune suke neman abinci. In kun ji yana cewa gara ya mutu, ko ya ƙi abinci, kada ku yi masa faɗa, ku zauna da shi, ku sanar da mu.

Lokacin yaƙin duniya na farko, yawancin sojojin da suka samu wannan rauni ba sa daɗewa suke mutuwa, da gyambo da ciwon fitsari. A 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashe dominsu a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Ya dage a kan juyi duk awa 2, da tsaftar fitsari, da tayar da su su yi aiki da wasa. Gasar da ya fara musu a 1948 ita ce ta zama wasannin naƙasassu na duniya. Babban makaminsa juyi ne da tsafta, su kuwa muna da su a nan.

Ta ɓangarenmu, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ta ce a kare su har a halin yaƙi da gudun hijira. Rabon majinyaci nasa ne. Shi zai zaɓi wanda zai karɓo masa, kuma wanda ya karɓa ya cinye ya ci amana. Mace ko yarinyar da ba ta iya gudu, kada a bar ta ita kaɗai a ɗakin da ba ya rufuwa. In wani ya taɓa ta, ku zo, maganar ba za ta fita ba. Kada a cire yarinya daga makaranta don jinya alhali akwai manya a gidan. Kekuna da katifu ba su isa kowa ba, ba za mu yi alkawarin rana ba, amma wanda ba mu san da shi ba ba zai shiga layi ba. Duk taimakonmu kyauta ne, wanda ya nemi kuɗi da sunanmu ku kawo ƙararsa.

Shi saurayin da muka fara da shi, yana nan. Mahaifiyarsa da ƙannensa biyu suna karɓa-karɓa wajen juya shi, har yau babu gyambo a jikinsa, kuma ya fara koyon gyaran rediyo.

Roƙonmu ga bulamomi da shugabannin mata: kafin taro na gaba, kowa ya zagaya unguwarsa, in akwai wanda yake kwance irin haka, a nemi izininsa a kawo mana labari. Kowace unguwa kuma ta ajiye katako ɗaya a inda kowa ya sani. Ma'aikatan asibiti suna nan, yanzu za su nuna mana yadda ake ɗauka da juyi, muna son matasa biyar su fito.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya mai da mu gida lafiya.