Shirin wannan mako: Shin lissafi zai iya faɗa maka farashin gobe?

Yau tambaya ce ta kawo mu. Wani ɗan'uwa daga Zariya ya turo saƙo, ya ce an tallata masa wata manhaja wai tana faɗin hannun jarin da zai tashi gobe, har yana shirin zuba kuɗin da ya tara na aure.

To ɗan'uwa, bari in raba maka maganar gida biyu. Akwai hasashen inda farashi zai nufa, sama ko ƙasa. Akwai kuma hasashen ƙarfin girgizar, wato ko motsin zai yi girma ko zai zama ɗan kaɗan. Na farkon nan masana sun sha wuya a kansa, abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa, duk labarin da zai ɗaga farashi gobe, da zarar mutane sun ji shi yau za su saya, farashin ya tashi tun yau. Kuma fisabilillahi, wanda ya san gobe me zai sa ya sayar maka da sirrin?

Na biyun kuwa ana iya taɓukawa. Tun 1963 Benoit Mandelbrot ya bi farashin auduga na shekaru masu yawa, ya lura cewa babban motsi yakan biyo bayan babban motsi, ƙarami kuma ya bi ƙarami. Kamar dai damina: in an sheƙa ruwa yau a watan Agusta, ba za ka yi mamaki ba in an sake gobe. A 1982 Robert Engle ya mayar da wannan lissafi, ya kira shi ARCH, abin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2003. Ɗalibinsa Tim Bollerslev ya faɗaɗa shi a 1986, shi ne GARCH da ake amfani da shi har yau.

Yadda yake aiki ba wuya. Abu uku yake haɗawa: girgizar da aka saba gani a kasuwar, girman motsin yau, da hasashen da shi kansa ya yi jiya. Na ukun ne ya fi nauyi, shi ya sa in kasuwa ta rikice ba ta hucewa dare ɗaya.

Amma fa nan gizo ke saƙar. Lissafin nan jiya kawai yake kallo. A 2011 babban bankin Suwizalan ya kafa iyaka, ya ce yuro ɗaya ba zai sauka ƙasa da faran 1.20 ba. Shekara uku farashi na kwance, lissafi yana cewa lafiya lau. Ranar 15 ga Janairu 2015 bankin ya saki, cikin mintuna yuro ya faɗo ƙasa da faran ɗaya, wasu kamfanonin dillanci suka durƙushe.

Mu ma mun gani. Kafin tsakiyar Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kamar an kafe ta da ƙusa. Da Babban Banki ya sake ta, cikin kwanaki ta wuce 700. Wanda ya ɗora lissafinsa kan farashin gwamnati bai ga komai na zuwa ba. Ɗan canji a Wapa kuwa, da ba ruwansa da GARCH, ya daɗe yana sayarwa sama da 700.

Saboda haka ɗan'uwa, kar ka taɓa kuɗin auren nan tukuna. Ka koma wajen mai manhajar, ka ce ya nuna maka abin da ta hasaso ana gobe za a saki naira, da shaidar kwanan wata. Duk amsar da ya ba ka, turo mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.