Jawabi a Kan Shirin Ziyarar Birnin Roma

Ziyarar Roma ta ƙasar Italiya da muke shiryawa bayan wannan biki ta kwana uku ce kawai, kuɗin kuwa guminku ne. Saboda haka ba kowane tsohon gini za mu bi ba.

Ranar farko ta Hanyar Afiya ce, wadda Manzo Bulus ya bi zuwa birnin yana ɗaurarre. A gefenta akwai kaburburan ƙarƙashin ƙasa na San Kalisto, inda masu bi na farko suka binne matattunsu. Ana rufe wurin ran Laraba, sai mu kiyaye. Rana ta biyu, majami'ar da aka gina bisa kabarin Bulus a bayan ganuwa, sannan ta Bitrus a Batikan. Maza da mata, a rufe kafaɗa da gwiwa.

Matasa sun matsa mana a kan Kolosiyam. To, za mu je rana ta uku, amma su sani a shekara ta 80 aka buɗe shi, Bulus bai taɓa ganinsa ba.

Iyayenmu dattawa, tafiyar ƙafa ce a kan duwatsu, a nemi takalmi mai laushi. Kowa ya kai fasfonsa wurin sakatare domin neman biza.