Mari Ba Magani Ba Ne



Abin da za mu tattauna a yau abu ne wanda kowane gida ya sani amma ba a son a ambace shi a gaban baƙi, watau ciwon hankali. Za mu fara da abin da ya faru a cikin garinmu. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, manya da yara, waɗansunsu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an yi irin wannan a Rigasa ta Kaduna. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan bayin Allah iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko wani hali da ya gagari gida. Iyayen nan suna son 'ya'yansu, sai dai ba su san wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa ba. Laifin rashin sanin nan kuwa, wani kaso nasa yana kanmu, mu da aka tura makaranta.

Da farko ya kamata mu gane cewa hankali yana ciwo kamar yadda hanta ko huhu suke yi, domin mazauninsa ƙwaƙwalwa ce, ita kuwa wani sashe ne na jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wani nau'i na wannan ciwo. Ke nan wanda muke gani a bakin kasuwa da tsumma ƙaramin ɓangare ne kawai. Mafi yawa suna zuwa ofis, suna shiga aji, suna gaisawa da mu, ba mu sani ba.

Nau'in da ya fi yawa su ne ciwon damuwa da ciwon fargaba. Mai ciwon damuwa yakan wayi gari cikin baƙin ciki marar dalili bayyananne, abin da yake jin daɗinsa a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci su rikice, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Idan haka ta zarce mako 2, to, ta wuce ɓacin rai na yau da kullum. Mai fargaba kuwa zuciyarsa ke bugawa, gumi ya karyo masa, ya ji kamar ajali ya zo, alhali babu abin tsoro a gabansa. Akwai kuma mai tsanani, wanda yake sa mutum ya ji muryoyi ko ya yi zargin ana bin sa, kuma yawanci da ƙuruciya yake farawa, watau a shekarun da muke ciki yanzu. Wata mai jego ma takan rikice bayan haihuwa, a ce iska ce ta taɓa ta. Sai kuma na shaye-shaye. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya ɓata matasa har gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Farfaɗiya kuwa, da ake haɗa ta da hauka, ciwo ne dabam, kuma ba a ɗaukarta ta yawu, saboda haka babu dalilin gudun wanda ta kayar.

Duk waɗannan suna da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, kuma likitan asibitin gari yana iya duba mutum ya tura shi gaba. Ba mu ce a bar addu'a ba, domin addininmu da kansa ya umarce mu da neman magani. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majiyyaci ya fi samun sauƙi idan yana zaune a cikin jama'a tare da ɗan'uwansa, yana karɓar magani, har ma likitan ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A watan Janairu na 2023 kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majiyyaci haƙƙinsa na a kula da shi cikin mutunci. Amma doka ba ta da ƙafar da za ta kai kanta Baure ko Zango, ko Mai'adua da Sandamu. Mu ne za mu kai ta.

Mu ma kanmu ba mu tsira ba. Jarrabawa, da rashin kuɗin makaranta, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da dangi masu jiran ɗansu ya gama ya ɗauke musu nauyi, duk kaya ne masu nauyi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mu riƙa samun isasshen barci ko da lokacin jarrabawa ne, mu motsa jiki, mu riƙe ibada da zumunci, mu guji ƙwayar hana barci da ta sa kuzari. Kowa ya samu amini ɗaya wanda zai iya faɗa wa damuwarsa. Idan kuwa aboki ya ce ya gaji da duniya, kada mu mai da maganar wasa. Mu zauna da shi, mu saurare shi, mu raka shi wurin likita a ranar.

A ƙarshe, 'yan'uwa, idan mun koma gida hutu, wata rana kawu ko gwaggo za su kira mu gefe su ce, "Kai da ka yi boko, yaya za mu yi da yaron nan?" Amsar da za mu bayar ita ce za ta raba tsakanin a kai shi asibiti da a kai shi mari. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.