Gajiyar Da Barci Ba Ya Maganinta



Bayan annobar korona ta 2020 aka kawo mini wani lebura daga Kakuri. Zazzaɓi ya wuce, gajiya ta zauna wata takwas. Gwajin maleriya da taifot bai nuna komai ba. A gida rago ake ce masa.

Jama'a, ba ragwanci ba ne. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Yakan biyo bayan ƙwayar bairos. Masu bincike na kuma zargin gubar magungunan feshi, da lalacewar ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Alamarsa ita ce: ɗan aiki yau, kwanciya gobe da jibi.

Don Allah kada ku tilasta wa irinsa aiki.