A Kulle Tsohuwar GTI a Gareji?

A Turai ana rububin tsofaffin ƙananan motocin nan masu gudun tsiya, irin su Golf GTI ta 1976 da Peugeot 205 GTI ta 1984, har wasu na kulle nasu a gareji suna jiran farashi ya tashi. Gaskiya 205 GTI mai lafiya ta yi tsada a Ingila da Faransa, domin tsatsa da tuƙin ganganci sun cinye yawancinsu.

Sai dai mota ba ta son zama. Taya ta tsattsage, birki ya cije, fetur ya lalace a tanki, ga kuɗin gareji. Mai ita, ka riƙa tayar da ita kana hawa, ka adana takardun gyaranta. Ajiya don riba kaɗai, asararta ta fi yawa.